Turke Na Ɗari Uku da Sha Ɗaya

Ni na ja ta da hannuna.
Wata bakwai ina saman turke a tsaunukan Peru,
igiya a ƙugu, numfashi sama-sama,
sanyi na gaigayar yatsuna kamar ɓera a rumbu.
Zaren gilashi ne, bai fi silin gashi ba,
wai haske ke gudu cikinsa ɗauke da hirar duniya.

Turke na ɗari uku da sha ɗaya
a bakin gonar dankalin uwata ya tsaya.
Eduviges sunanta. Ta ɗaga kai, malafa na neman faɗuwa:
"Nicanor, yaushe za ka sauko mana da ita?"
Na ce kwana nawa ne.
Ashe ranar na fara yi mata ƙarya.

Wayar ta tsallake rufin makaranta,
ta tsallake ɗakin shan magani,
ba sallama, ba sannu,
ta miƙe sai mahaƙar tagulla can bayan dutse,
inda injiniyoyi ke kallon ƙwallo da dare.
Mu kuwa ga guga, ga igiya, an kulle rijiya.

Kamfani ya ce lasisinsa na babban layi ne,
ratse ba ya cikin yarjejeniya.
Ma'aikata a Lima ta ce ratse aikin yanki ne.
Yanki ya ce kuɗin na cikin wani asusu
da dokarsa ke jiran sa hannu tun bara waccan.
Ƙaramar hukuma harajin kowane turke take so,
har wanda ba a kafa ba.
Kowa da hatiminsa.
Mai tsani babu ko ɗaya.

Sai batun ƙasa. Ta gari ce, ba ta mutum guda ba,
haka takardar kakanni ta ce, wadda asu ya ci gefenta.
Fom ɗin gwamnati gurbi ɗaya gare shi: sunan mai fili.
Tsoho Saturnino ya riƙe biro har yatsunsa suka sandare.
"Wa zan rubuta? Mu ɗari huɗu ne,
ban da na kwance a maƙabartar baya."

Da haƙuri ya ƙare, Yovana malamar lissafi
ta tara ɗalibai, da tsohon faranti, da batirin mota,
suka kafa eriya kan tudu.
Kwana goma sha tara aka san muna raye.
Uwata ta ga jikanta na Arequipa a tafin hannunta
yana nuna mata giɓin haƙori,
ta dinga shafa gilashi da babban yatsa tana dariya.

Rana ta ashirin sufeto ya iso a farar mota.
Mutum ne mai ladabi, har miyar uwata ya sha.
Ya ce iskar da muke aika saƙo cikinta
tuni aka yi gwanjonta,
mai ita na babban birni, bai taɓa shaƙarta ba.
Ba ya amfani da ita, ba ya kuma ba da aro.
Ya rubuta rasit, ya ba mu haƙuri, ya tafi da eriya.

Muka sayar da tumaki shida muka ɗauki lauya.
Muka jira ranar zama, damina ta zo ta wuce.
Yovana ta yi tafiyar awa tara ta leƙa kotu,
magatakarda ya juyo mata da fuskar kwamfuta:
an kori ƙara, masu ƙara ba su halarta ba.
"Ai an sanar da ku tun watan Mayu," in ji shi,
"a intanet ake sanarwa yanzu.
Wa ya rage ba shi da waya?"

Mabuɗin akwatin turken nan na aljihuna har yau.
Aikin awa guda ne, na sani,
ɗaurinsa kuwa sai abin da alƙali ya gani.
Na kan taɓa shi da dare in juya.

Da yamma tsuntsaye kan jeru bisa wayar.
Jiya uwata na ɓarar wake a gindin turke
ta ce, ba ta ko dube ni ba:
"Su dai ba a nemi takardarsu ba."
Ta ci gaba da ɓara.
Yaushe kuwa, ta daɗe da daina tambaya.